Makaranta a Gindin Murhu: Koya wa 'Yan Firamare Lissafi da Karatu da Kayan Abinci

Yaron da ya tashi a Mungadi, ko Jega, ko Aliero, ya san albasa tun kafin ya san alli. Yana bambance gero da maiwa, ya san lokacin yankan shinkafa a fadama, idan an aike shi cefane ya san na nawa zai sayo. Amma da ya shiga aji 1 sai a fara masa da abin da bai taɓa riƙewa a hannu ba, ya yi ta bin malam da baki, ya dawo gida babu abin da ya zauna masa. Iyaye kuma su ce su ba su yi boko ba, me za su iya yi masa? Akwai abin da za ku iya, kuma kayan aikin suna cikin rumbu da ɗakin girki. Na shirya wannan jagora ne domin yara 'yan shekara 6 zuwa 9, wato 'yan aji 1 zuwa 3.

Ƙa'idar guda ce, a kanta aka ɗora duk abin da zai biyo baya: yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya faɗe shi da bakinsa, sannan ya rubuta shi. Idan aka tsallake na farko aka faɗa na ƙarshe, hadda ce kawai za a samu. Idan kuma aka tsaya a na farko da na biyu, yaro zai iya cefane amma jarrabawa ta kayar da shi. Taɓawa da faɗa aikin uwa ne ko kaka, ba sa bukatar takarda. Rubutun kuwa yayansa da ke aji 5 ko sakandare zai iya tsaya masa. Uwar da ta iya ajami ta rubuta da shi, yaro ya ga cewa magana tana sauka a kan takarda, wannan ma riba ce.

Minti 15 zuwa 20 a rana sun isa. Bayan an taso daga Islamiyya da yamma, ko hantsin Asabar. Kada a zauna da yaro yana jin yunwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuma a ajiye bulala nesa. Yaron da aka doka a kan lissafi, tsoron lissafin zai koya.

Kafin a fara, a kula da abu biyu. Irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ku ga ya yi ja ko kore, da waken da aka adana da maganin ƙwari, ba abin wasan yara ba ne ko kaɗan, domin hannun yaro baki yake komawa. Na biyu, idan akwai mai rarrafe ko ɗan shekara 2 zuwa 3 a wurin, a nisanta shi da ƙananan ƙwayoyi, don yana iya cusa su a hanci ko kunne, ko su shaƙe shi. Wuƙa da wuta kuma na manya ne.

Ƙirga da awo

A tara 'ya'yan tsamiya bayan an jiƙa ta don kunu, a wanke, a shanya. Sun fi wake dacewa, ba a ɓarnar abinci, suna shekara a gwangwani. Ƙwallon dabino ma yana yi. A nemi guda 100, da murafun kwalba ko ƙananan ludaya 10.

Da farko yaro ya ƙirga yana ture kowace ƙwaya gefe da yatsa. A nan za ki gane ko ya iya ƙirga ko waƙar lambobi kawai ya haddace, domin da yawa bakinsu yana kan bakwai hannunsu yana kan biyar. Kada ki yi gaggawa. Ya ƙirga takwas, ki baza su a faifai, ki tambaye shi yanzu nawa ne. Ƙaramin yaro zai ce sun ƙaru saboda sun ci wuri. Ki bar shi ya sake ƙirgawa ya gano da kansa.

Idan ya zauna a kan 1 zuwa 20, sai a shiga gomomi, kuma a nan nake so a daɗe. Duk goma ta cika, a zuba ta a murfi ɗaya. Ƙwaya 34 ta zama murfi 3 da 'yan ware 4. Yayansa ya ja layi a ƙasa, murafu a hagu, 'yan ware a dama, ya rubuta 3 ƙarƙashin murafu, 4 ƙarƙashin 'yan ware. Yaron da ya yi haka da hannunsa ba zai rikita 34 da 43 ba. Sai a ce ya ƙara 8. 'Yan ware sun zama 12, goma ta cika, a kwashe ta a sabon murfi, saura 2: ga 42. Wannan shi ne abin da malam yake nufi a allo idan ya ce a ɗauki ɗaya a kai gaba. Ragi ma haka. A cire 7 daga 42, 'yan ware 2 ne kacal, dole a juye murfi ɗaya a fasa goma. Arowar da ke wahalar da 'yan aji 2 da 3 ke nan, ga ta a faifai.

Ninkawa tana cikin tanda. Yarinya ta ƙirga gurbin tandar masa ta gidanku. Idan gurbi 7 ne, juyi ɗaya masa 7, juyi biyu 14, juyi uku 21. Ta zauna nesa da wuta tana ja wa kowane juyi layi da gawayi, kafin a ƙirga masar da ke kwano ta faɗi nawa za a samu, sannan a ƙirga a gani. Rabawa kuma tana wurin rabon ƙosai: guda 12, yara 4, kowa nawa? Idan 13 ne, wa zai ci na ƙarshe, ko a raba shi? Daga nan rabi da kwata suka shigo. Rake mai gaɓa 8, rabinsa gaɓa nawa? Lemo in an ɓare, yanki nawa ne a ciki, kuma duk lemo ɗaya suke?

Awo kuwa kada a faɗa masa amsa. A ba shi gwangwanin madara da mudu da tiya, da dawa a ƙwarya. Ya fara cinta: gwangwani nawa zai cika mudun nan? Ya faɗa, a rubuta, sannan ya auna. Zai tarar da cewa awo a shafe daban, awo da tozo daban, kuma mudun gidanku wataƙila bai yi daidai da na maƙwabta ba. Sai ki tambaye shi, to idan mai saye da mai sayarwa kowa ya zo da nasa mudun fa? Da wannan tambayar zai fahimci dalilin kilo da lita da zai tarar a littafin makaranta, zai kuma ji tun yana ƙarami abin da ya sa addini ya tsananta a kan tauye mudu.

Kasuwar tsakar gida

A shimfiɗa buhu, a kasa albasa kashi-kashi, a ajiye tattasai, ƙuli-ƙuli, dunƙulen daddawa. A yanka kwalin sukari ko na taliya a yi kuɗi: 10, 20, 50, 100, 200, yaron da kansa zai rubuta lambobin. Yarinya ce mai kaya, uwa ce mai saye.

"Salamu alaikum, mai albasa. Nawa kashi?"

"Hamsin-hamsin, Inna."

"Ba ni kashi uku. Ga ɗari biyu."

Sai ki yi shiru. Za ki ga tana motsa leɓe, tana taɓa kowane kashi, hamsin, ɗari, ɗari da hamsin, ta miƙo miki hamsin canji. Kafin ki karɓa ki ce, "Rubuta mini a takarda, kada maigida ya ce na ci kuɗin cefane." Yayanta ya nuna mata yadda ake jera 50 sau uku, a ja layi, a sami 150, a cire daga 200. Gobe ki ba ta kuɗin da bai kai ba, ki ga ko za ta kama ki. Jibi ku yi musanya, ki ba ta canjin da bai cika ba. Ranar da ta ce, "Inna, saura ashirin ɗina," ranar ta ci jarrabawa.

'Yan matan da ke talla suna yin irin wannan lissafi a ka cikin ƙiftawar ido, amma in aka rubuta musu shi a allo sai su tsaya, saboda babu wanda ya taɓa nuna musu cewa abu ɗaya ne. Wasan kasuwa shi ke haɗa biyun. Sai dai ina roƙo kada iya canji ya zama hujjar hana yarinya aji. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya shekara 9 na karatu kyauta kuma dole, mace da namiji.

Wata rana a fito da kuɗin gaske a juya bayansu. A bayan naira 10 akwai matan Fulani ɗauke da ƙoren nono. A bayan naira 20 ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Naira 50 masunta ne da kifinsu, abin da zai kawo hirar bikin kamun kifi na Argungu da ake yi tun 1934. Naira 200 kuwa Sardauna ne a gaba, a baya dalar buhuna da shanu da kayan gona. Yaro ya faɗi abin da ya gani, ya zana wanda ya fi so. A wanke hannu bayan an gama, kuɗi sun bi hannaye da yawa.

Karatu da sunayen abinci

Hausa tana da sauƙin koyon karatu, domin yawanci yadda ake faɗa haka ake rubutawa, kuma wasulanta biyar ne a rubuce: a, e, i, o, u. Hanya mafi kusa ita ce gaɓa. A fara da tafi: ma-sa tafi biyu, ma-sa-ra tafi uku, al-ba-sa uku. Uwa tana tsince shinkafa tana faɗar suna, yaro yana tafawa. Sai wasan sautin farko: kawo mini abin ci uku da suka fara kamar "tuwo". Tumatir, tafasa, taliya. Duk wannan babu takarda.

Sannan a yanka kwali 12, a rubuta gaɓa ɗaya a kan kowane da manyan baƙaƙe masu kyau: ma, sa, ra, da, wa, ke, na, ge, ro, go, sai no sau biyu. Da waɗannan kaɗai yaro zai haɗa masa, masara, madara, dawa, wake, rake, nama, nono, gero, rogo da goro. Kada a zube masa su duka rana ɗaya. A fara da ma da sa. Ya haɗa masa, ya juya su ya ga sun zama sama. Washegari a ƙara ra. Mafi daɗi shi ne ro da go: rogo ta nan, goro ta can. A ajiye rogon da goron a gabansa, ya ɗora kowane suna kusa da abinsa. Idan ya ɗora ba daidai ba, kada a ce "ka yi kuskure", a ce "karanta mini abin da ka ajiye", zai ji da kunnensa ya gyara.

Rubutu ya fara a rairayi. A zuba yashi mai laushi a tire, ya rubuta da yatsa, ya girgiza ya goge. Daga nan gawayi a daɓe, sannan fensir.

Bayan gaɓoɓi masu sauƙi sai baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda ko manya suna wasa da su a waya: ƙ a ƙosai, ɗ a ɗanwake da gyaɗa, ɓ a kuɓewa, bayansu kuma ts a tsamiya da sh a shinkafa. Na ƙarshe su ne masu baƙi biyu a jere, irin daddawa da tattasai. Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu. Yaronmu hura yake cewa, da kihi, littafi kuma fura da kifi ya rubuta. Kada a ce masa bakinsa ba daidai ba ne. A ce haka muke faɗa, haka kuma ake rubutawa don na Kano da na Zariya da mu duka mu karanta littafi ɗaya.

Ɗan aji 3 ya wuce kalma ɗaiɗai. Ya rubuta jerin cefane kafin a tafi kasuwar Jega, a dawo ya duba abin da aka samu ya sa masa alama. Ya zauna gaban kakarsa ta faɗa masa yadda ake fura tun daga surfe, wanki, daka, dunƙulawa, dafawa, kirɓi, har birgima a gari, shi kuma ya rubuta mataki-mataki da "da farko", "bayan haka", "daga ƙarshe". Sai ya karanta mata. In ya tsallake wani mataki za ta kama shi nan take, kuma za ta ji cewa abin da ta sani ya isa a rubuta. Da dare a sa yara su ƙirƙiri nasu kacici-kacici a kan kayan miya, kowa ya kwatanta abu ba tare da kiran sunansa ba.

Gwaji da lura

Kimiyya a wannan shekaru tambaya uku ce: me kake zaton zai faru, me ya faru, me ya sa?

A sami gwangwani uku, a huda gindinsu, a cika da ƙasa, a shuka wake lafiyayye uku-uku, wanda ƙwaro bai huda ba. Na farko a rana, ana ba shi ruwa. Na biyu a rana, babu ruwa. Na uku ana ba shi ruwa amma a ƙuryar ɗaki mai duhu. Cikin kwana 3 zuwa 5 na farko zai tsiro. Na biyu shiru. Na uku shi ne abin mamaki, zai tsiro, har ya fi na farko tsawo, amma fari fat, siriri, ba ƙarfi, yana miƙa wuya inda haske yake. Kowace safiya yaro ya gwada tsawon da tsinke, ya karya daidai wurin, ya jera tsinkayen bisa ranaku. Jadawali ke nan ya yi ba tare da an kira sunansa ba.

Albasa kuma a ɗora ta a bakin kofin gilashi ko yankakkiyar gorar ruwa, gindinta kawai yana taɓa ruwa. Cikin 'yan kwanaki fararen saiwoyi za su sauko, daga baya lawashi ya fito ta sama. A yanka wata a kwance, ya ƙirga zobban da ke ciki. Daga nan aikin ya koma hannun uba: ya ɗauki yaron zuwa fadama lokacin rani, ya ga inda ake yafa iri, da dashe, da ban ruwa, da yadda ake shanya ganye a yi gabu. Albasar Aliero tana cika manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan, kuma a garin ne aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a 2006, inda ake karantar da aikin gona. Yana da kyau ɗan manomi ya ji tun yanzu cewa abin da babansa yake yi ilimi ne da ake zama a aji dominsa.

Gwajin da yara suka fi so shi ne na zoɓo. A zuba ruwan zoɓo marar sukari a kofi uku. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa lemon tsami, ja zai ƙara haske. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, nan take zai rine ya yi duhu, ya koma kore-kore. Launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsamin abin da ya gamu da shi, kanwa kuma kishiyar tsami ce, shi ya sa ake sa ta a miyar sure. Na kanwar a zubar, ba na sha ba ne. Akwai kuma na ƙwai: sabon ƙwai yana nutsewa a ruwa, amma a riƙa zuba gishiri cokali bayan cokali ana motsawa, yaro yana ƙirga, har ƙwan ya taso. A zuba kaɗan daga ruwan gishirin a faranti a bar shi a rana, in ya ƙafe ga gishirin nan ya dawo.

Daga ina abincinmu yake?

A duba tukunyar yau a tambaya. Dawa daga gonarmu, shinkafa daga fadama, nono daga ruga, kifi daga gulbi ko Yawuri, manja da goro daga kudu. Uba ya zana taswira a ƙasa, ya fara da gabas tunda yaro ya san alƙibla, ya sa dutse a Mungadi, wani a Maiyama, Jega, Aliero, Birnin Kebbi, a ɗora kowane abinci inda yake fitowa. Ga 'yan aji 3 a ƙara musu wannan: gero da dawa da wake 'yan asalin Afirka ne, amma masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono daga nahiyar Amurka aka kawo su, ƙarnuka kaɗan da suka wuce. Yara sukan yi gardama a kan gyaɗa, gardamar kuma tana da amfani.

Rukunan abinci ba sa ɗaukar lokaci. Faifai uku: masu ba da ƙarfi irin su tuwo, shinkafa, dankali da mai, masu gina jiki irin su wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da nono, masu kare jiki irin su zogale, kuka, alayyafo, mangwaro da gwanda. Yaro ya rarraba abin da ke gida, ya faɗi faifan da bai sami komai ba yau. A rufe da wanke hannu da sabulu da bisimilla, a ci abin da aka yi darasi da shi.

A ware ƙaramin littafi ɗaya don wannan aiki, a riƙa sa kwanan wata. Ƙarshen kowane wata uba ko yaya ya kai wa malamin aji ya duba, ya tambayi inda aka kai a makaranta don gida da aji su tafi tare. Idan kuma zango guda ya wuce ana yi a kai a kai, yaro bai iya bambance sautin farko na kalma ba, ko yana kai kwalin gaɓa dab da idonsa kafin ya gani, kada a ce daƙiƙi ne. A kai shi asibiti a duba masa ji da gani.